Daga Ina Alkaki Da Gireba Suka Zo Mana? Tarihin Kayan Toye-toyen Sallah

 Tunda azumi ya shiga goman ƙarshe, kuma a gidaje da yawa an fara lissafin mudun fulawa da kwalbar mai, na ga yau ya dace mu yi maganar kayan toye-toyen Sallah. Ina nufin alkaki, dubulan, gireba, cincin da 'yan uwansu. Muna ce musu abincin gargajiya, kuma ba laifi a ce haka. Amma idan ka bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga sun ja ka har sun tsallaka da kai Sahara.

Mu fara da ita kanta alkama. Kalmar daga Larabci take, al-ƙamh. Alkaki daga al-ka'ak. Alkubus daga al-khubz, wato burodi. Gurasa daga ƙursa, abu mai faɗi zagayayye. Gireba kuwa ita ce ghurayba da ake gasawa tun daga Maroko har Sham. Ko tanderun da ake manna gurasa a cikinsa, tannur ne bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Shi ma dubulan, a Libiya da Tunisiya akwai wani abu da suke kira dibla: a murza ƙullu ya yi falen-falen, a naɗe, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Duk wadda ta taɓa yin dubulan ta san abin da na siffanta.

To tunda alkaki ɗan uwan ka'ak ne, bari mu leƙa Masar, domin a can ne labarin ka'ak na Sallah ya fi tsawo. Har gobe Bamisire ba ya ganin ƙaramar Sallah ta cika idan babu kahk, kamar yadda suke furta shi. A kwanakin ƙarshe na azumi mata kan taru a gida ɗaya, a kwaɓa, a cusa dabino ko gyaɗar waje ko wani haɗi na zuma da man shanu, a zana masa ado a sama, sannan yara su ɗauki farantan ƙarfe zuwa gidan gashin unguwa. Idan ya dawo sai a barbaɗe shi da garin sukari.

Wannan al'ada ta haura shekara 1,000, kuma akwai lokacin da ta zama harkar gwamnati. A ƙarni na 10 an yi wani waziri mai dukiya a Masar, Abubakar al-Madara'i, wanda ake ba da labarin cewa ya sa an cusa dinaren zinariya a cikin ka'ak aka ajiye wa baƙinsa. Kai dai ka gatsa, sai ka ji haƙori ya ci karo da kuɗi. Da Fatimiyyawa suka karɓi Masar a shekarar 969 suka gina Alƙahira, sai abin ya ƙara girma. Halifa al-Aziz, wanda ya yi mulki daga 975 zuwa 996, ya kafa ma'aikata guda mai suna Darul Fiɗra, ba ta da wani aiki sai haɗa kayan zaƙin Sallah. Masanin tarihi al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya kawo cewa tun tsakiyar watan Rajab ake fara aiki a cikinta. Ku lissafa: wata biyu da rabi kafin Sallah ke nan. Ranar Idi sai a shimfiɗa kayan a fada, a kuma aika wa manya da ƙanana rabonsu gida. A ganina wannan siyasa ce tsantsa. Mai mulki ya gane cewa wanda ya ci zaƙinka ranar Sallah zai daɗe bai manta da kai ba.

Yanzu ta ina abin ya biyo ya iso mu? Ta hanyar fatake. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya biyo Gadamas da Gat da Agadas, ya sauka Katsina ko Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da 'yan kasuwar Gadamas zaune daram da gidajensu da iyalansu. Unguwar Dandalin Turawa da ke cikin birni su ake nufi da ita, domin kafin zuwan Nasara, Larabawan arewa ake kira Turawa. Mutum ba ya barin cimarsa a gida, saboda haka a cikin waɗannan gidaje aka riƙa toya kayan alkama, matan gari da masu aikin gida suka koya, sana'ar ta fita waje. Shi ya sa har yau idan ana maganar gurasa ta ainihi, sai an ambaci ɓangaren Jakara.

Amma fa kada mu ɗauka kowa ke cin waɗannan abubuwa a wancan zamani. Alkama ba ta son zafin damina, sai da rani ake noma ta a fadama lokacin hunturu, ana ban ruwa da hannu ko da jigo. Kaɗan ake samu, ga tsada. Talaka gero da dawa ne abincinsa. Alkaki kuma bayan alkama yana buƙatar zuma da mai mai yawa, don haka ya zama abin gidan sarauta da attajirai, da kuma kayan gara. Nan ne ma hikimarsa take. Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa a bar ta ta kwana ta yi tsami, a naɗe, a soya har cikinsa ya bushe, sannan a jefa a zuma ko dafaffen sukari mai ɗan lemun tsami. Abin da aka yi wa haka zai yi watanni bai lalace ba, ba firji ba komai. Amarya za ta ci, ta ba baƙi, ta aika wa dangin miji. Nakiya ma haka take wajen daɗewa, sai dai ita da shinkafa ake yin ta.

Cincin kuma, wanda yanzu shi ne sarkin Sallah, yaro ne a cikin wannan dangi. Ba ya yiwuwa sai da farar fulawa mai arha, ita kuwa ba ta wadata ba sai bayan da aka kafa kamfanin Flour Mills a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar waje a 1962, daga baya a shekarun 1970 aka buɗe wani injin a Kano. Kuɗin fetur ya shigo, fulawa da sukari suka cika kasuwa. Matar da kakarta ba ta taɓa mallakar tiyar alkama ba sai ga ta tana kwaɓa mudu uku. Cincin ba ya buƙatar kwana, ba ya buƙatar gwaninta irin ta alkaki, yara ma za su zauna su yanka, kuma yana da auki idan za a ƙulla wa 'yan yawon Sallah a leda. Kek ma ya biyo baya, kuma a nan dole a jinjina wa iyayenmu mata: babu oban, sai su zuba yashi a tukunya, su jera gwangwanayen madara ko na kifi, su rufe, su ɗora garwashi a kan murfi.

Sai dai wannan sauƙi yana da igiya a wuya. Tun a 1985 wasu masu bincike biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka fitar da littafi a kan Najeriya wanda ma'anar sunansa ita ce tarkon alkama. Hujjarsu ita ce ƙasar ta saba wa bakinta da abin da ba ta iya nomawa isasshe. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama don a dogara da ta gida, irin wadda ake nomawa a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. Noman ya ƙaru, amma bai kusa isa ba, aka koma fasa-ƙwauri ta kan iyaka, a farkon shekarun 1990 aka janye dokar. Har yau mafi yawan fulawar da ke cikin cincin ɗinmu daga jirgin ruwa ta sauko. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ga kuma faɗuwar naira da ta biyo baya, uwar gida a Gusau ko Azare ta ji a jikinta, mai yin mudu biyar ta koma biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne alkaki. Shi da funkaso da alkubus da alkamar gida ake yin su, wadda manominmu ke fitarwa, amma su ne hannu ke janyewa daga kansu. A unguwanni da yawa masu iya alkaki na ƙwarai tsofaffi ne, kuma ma'auninsu a ido da tafin hannu yake, ba a rubuce ba. 'Yan mata da yawa yanzu sun fi sanin awon kek ɗin da suka gani a YouTube. Idan akwai irin wannan tsohuwa a gidanku, Hajiya ce ko Inna ko Gwaggo, wannan satin ne za ta kafa kasko. Ku ja kujera kusa da ita, ku auna abin da ta ɗiba da kofi kafin ta zuba, ku rubuta, ku tambaye ta yadda take gane ƙullu ya tashi.

Allah Ya kai mu Sallah lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.