Tarihin takardar shiga gandun dajin W

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Parc W tun muna lakkol, amma kaɗan ne suka taɓa taka ƙafa can. Sunan ya samo asali daga yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa kamar harafin W a kudancin Yamai.

A zamanin mulkin Faransa aka keɓe wannan daji, a 1954 kuma ya zama gandun daji na ƙasa. Wurin ba shi da yawan jama'a saboda ƙudan tsando da ciwon makanta na bakin kogi, amma duk da haka akwai ƙauyukan da aka tasa. Mafarauci da makiyayi suka wayi gari dajin kakanninsu ya koma sai da izini. Shi ya sa tsofaffi suka daɗe suna yi wa ma'aikatan gandun daji kallon masu cin tara kawai.

Bayan samun ƴancin kai takardar ta fara canza ma'ana. A 1996 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar, mai faɗin eka dubu 220, cikin kayan tarihi na duniya. A da, mai son ganin giwa, ɓauna ko dorina sai ya bi ta Say da Tamou zuwa Tapoa, kimanin kilomita 150 daga Yamai. Nan zai biya kuɗin shiga, ya ɗauki ɗan jagora, don ba a shiga ba tare da shi ba. Da rani ake zuwa, lokacin da dabbobi ke taruwa bakin ruwa. Da damina hanyoyin ba su biyuwa.

A Kouré ma haka ne. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage. Da matasan ƙauyuka suka kafa ƙungiyar ƴan jagora, kuɗin baƙi ya fara shiga gidaje, sai manomin da raƙumin dawa ke ci wa wake ya samu dalilin haƙuri. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka kai takwas Gadabeji, cikin jihar Maradi.

Sai ga ranar 9 ga Agustan 2020: ƴan bindiga suka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kouré, ɗaya shugaban ƴan jagora ne. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin iyalai da yawa ya yanke. Yankin W shi ma rashin tsaro ya addabe shi.

Don haka duk mai niyyar kai yara ko ɗalibai, ya fara zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji na jiharsa, ya tambayi ko hanya a buɗe take, nawa ne kuɗin shiga, wa zai raka shi. In sun ce a dakata, a dakata. In kuma an ba ka izini, kada ka yi wa ɗan jagora ƙwauron haƙƙinsa, da shi yake ciyar da gida. Allah ya maido mana da zaman lafiya.