Ɗaliban Zariya na 1958 da Yabon da Ya Biyo Baya

A shekarar 2023, masu shirya babban baje kolin tsarin gine-gine na birnin Benis da ke Italiya suka miƙa wa Demas Nwoko lambar yabonsu mafi daraja, wato Zakin Zinariya, saboda aikin da ya shafe rayuwarsa yana yi. Shekara 65 kafin wannan rana, Nwoko ɗalibi ne a Zariya, kuma yana cikin samarin da suka ƙi amincewa da yadda ake koya musu zane.

Makarantar ita ce Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An dawo da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya a 1955. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma tasu ce: a koyi zana surar mutum da haske da inuwa kamar yadda ake yi a Landan. Sassaƙar Binin da zanen jiki na matan Ibo da adon bangon gidajen Hausawa ba su da gurbin kirki a aji, alhali kuwa a cikin birnin Zariya masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 yana nan tsaye.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Manufarsu, kamar yadda Okeke ya rubuta ta a 1960, shekarar 'yancin kai, ita ce a karɓi dabarun Turai da kayan aikinsu, a haɗa su da fasahar da kowa ya gada a gida. Don haka in an yi hutu, sai kowa ya koma garinsu ya yi nazarin zanen kakanninsa. Ƙungiyar ta watse a 1961, bayan shekara uku kacal.

Amfanin abin da suka shuka ya bayyana ne bayan sun rarrabu. Okeke ya jagoranci sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka bayan yaƙin basasa, inda ya mayar da zanen uli na matan Ibo ginshiƙin karatu. Grillo ya shugabanci sashen zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta ƙasa. Onobrakpeya ya shahara da sababbin hanyoyin buga zane da ya ƙirƙiro, har ya samu lambar girmamawa ta ƙasa kan ilimi da fasaha a 2017.

Nwoko kuwa ya karanci tsara dandalin wasan kwaikwayo a Faris, ya koyar a Jami'ar Ibadan, sannan ya shiga tsara gine-gine ba tare da digirin wannan fanni ba. Majami'ar da ya tsara wa limaman Dominikan a Ibadan ita ce ta fi fito da sunansa. Ya dogara da jar ƙasa da katako da sauran kayan da ake samu a kusa, ya kuma tsara gine-ginensa yadda iska za ta ratsa su, haske ya shiga ba tare da zafin rana ba. Yau da duniya ke kokawa da ɗumamar yanayi da tsadar lantarki, wannan tsari ne alƙalan Benis suka yaba.

Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa, amma jinkirin yana da hasara. Okeke ya rasu a 2016, Grillo a 2021, kafin gidan adana zane na Tate da ke Landan ya buɗe babban baje kolin fasahar zamani ta Najeriya a 2025, inda aka ba ayyukan 'yan Zariya muhimmin wuri. A garuruwan Arewa kuma, siminti da kwano suna ci gaba da korar tubali da azara, magina masu ilimin daurin guga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sassan zane da tsara gini na jami'o'in yankin su ne ke da damar rubuta wannan ilimi, su kai shi aji, tun masu shi suna raye.