Gurasar da Ba Ta da Farashi: Yadda Cocin Katolika Ta Yi Fama da Masu Ciniki da Abin Ibada

A watan Afrilu na 2005, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Fafaroma John Paul na Biyu, wani mutum daga jihar Iowa ta Amurka ya sa wata 'yar gurasa a gwanjo a shafin eBay. Ya ce ya samo ta ne a Roma a 1998, wurin wata Misa da marigayin ya jagoranta, kuma shi ba ɗan Katolika ba ne, ya karɓa ne kawai ya adana. Wani ɗan ɗarikar da abin ya tayar wa hankali ya yi maza ya taya dala 2,000 don kada ta faɗa hannun masu wulaƙanta ta. Ciniki bai kai ga biya ba. Malaman cocin yankin Sioux City suka zauna da mai sayarwar, ya janye, ya miƙa gurasar ba tare da an ba shi ko sisi ba. Kamfanin eBay da farko ya ce dokokinsa ba su hana irin wannan haja ba, sai da ƙorafi ya yi yawa, ana kiran a ƙaurace masa, sannan cikin 'yan makonni ya sa gurasar da aka tsarkake cikin jerin abubuwan da ba a sayarwa a shafinsa. Wannan rigima ta yi kama da sabon abu don da intanet aka yi ta, amma tsohuwa ce ƙwarai, kuma tarihinta ya nuna cewa mutumin da ya taya dala 2,000, duk da kyakkyawar niyyarsa, shi ne ya fi kusa da ɓata al'amarin.

Sai an fara da gurasar kanta. 'Yar faifai ce fara, siririya, faɗinta kamar na kwabo, da garin alkama zalla da ruwa, babu yisti, babu gishiri. A ƙasa irin tsakiyar Togo, inda doya da dawa da masara suke abinci, kamar Kambolé a yankin Tchamba, alkamar ma daga nesa take zuwa. Kafin ta hau bagade haja ce kamar kowace haja: ana gasa ta, galibi a gidajen sistoci, a ƙulla ɗaruruwa a leda, majami'u su saya da kuɗi ƙalilan, babu wanda ya taɓa ganin laifin haka. Amma da zarar Fada ya yi addu'ar tsarkakewa a kanta a cikin Misa, a aƙidar Katolika ta daina zama gurasa sai a kamanni da ɗanɗano, ta zama jikin Almasihu. Musulmi bai yarda da wannan ba, Kiristocin wasu ɗariku ma ba haka suke ɗaukarta ba, amma ba sai mutum ya yarda da aƙida ba kafin ya gane nauyinta a wurin masu ita. Wanda ya girma a zangon Sakode na Togo, inda masallaci da majami'a suke jin kiran juna tun kafin a ɗaga garin ya zama mazaunin bishop a 1955, ya san cewa wakafi ba ya shiga kasuwa, ko da fili ne da kowa ke kwaɗayi.

Cocin ta daɗe da sanin cewa mutane na son fita da wannan gurasa. Littattafan wa'azi na Turai na ƙarni na 13 cike suke da labaran manoma da ke ɓoye ta a baki su kai gida, wani ya sa a amyar zuma don ƙudan su yi albarka, wani ya binne a gona, wata ta nemi ta mallake saurayi da ita. Wato sun mai da ita laya. Babban taron Lateran na huɗu da Fafaroma Innocent na Uku ya kira a 1215 ya yi maganin abin ta hanyar da ba ta da ado ko kaɗan: ya ce a riƙa ajiye ta a kulle da makulli a kowace majami'a, kuma wanda aka damƙa wa tsaronta ya yi sakaci a hukunta shi. Taron nan kuma ya hana fito da ƙasusuwa da kayan waliyyai ana tallarsu, domin a lokacin kasuwarsu ta kai inda ta kai. Tun a 828 fataken Venis suka ɗauke gawar da ake cewa ta Markus ce daga Iskandariyya, a 1087 kuma matuƙan jirgin Bari suka kwaso ta Nikolas daga Mira. Asalin haramcin cinikin abin ibada ya fi haka tsufa, yana komawa ga labarin Siman mai sihiri da ya miƙa wa Bitrus kuɗi don a sayar masa da baiwar Allah, aka kore shi da kuɗinsa. Ba wai cocin ta riƙe wannan ƙa'ida ba tare da tuntuɓe ba. Cinikin takardun gafara ne ya fusata Martin Luther a 1517, kuma sai a 1567 Fafaroma Pius na Biyar ya soke duk wata gafara da ake haɗawa da biyan kuɗi, bayan ɓarakar ta riga ta faru.

Mai hankali zai iya cewa: to, idan abu mai tsarki ya riga ya faɗa kasuwa, wane laifi ne a fanshe shi? Ai sarki Louis na Tara na Faransa ya biya maƙudan kuɗi ya karɓo kambin ƙaya, wanda ake cewa shi aka ɗora wa Almasihu, daga hannun 'yan Venis da aka jinginar musu da shi, ya gina masa majami'ar Sainte-Chapelle da aka keɓe a 1248. Amsar ita ce kambin ƙaya guda ne, gurasa kuwa ana raba miliyoyinta kowace Lahadi, ga duk wanda ya shiga layi ya buɗe hannu. Ran da aka ji an biya dala 2,000 kan guda, an sanar da duk ɓarawon duniya cewa akwai kuɗi a ƙofar kowace majami'a, kuma babu mai iya bambanta wadda aka tsarkake da wadda aka zaro daga leda, don haka maƙaryaci ma ya sami sana'a. Mutanen arewacin Najeriya sun ga irin wannan da idonsu a kan gumakan yumɓu na Nok: yayin da masu tara kayan tarihi a Turai suka yi ta saye, wasunsu suna cewa ceto suke yi, sai haƙa ta ƙaru, ƙauyuka suka koma ramuka, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Kuɗin mai ceto da na mai kwaɗayi duk ɗaya suke a aljihun dillali.

Akwai wani ƙorafin daga ɗaya gefen, mai cewa an ba mutum abu a hannunsa kyauta, ya zama nasa, kuma kamfani ba limami ba ne da zai riƙa tantance abin da ke da tsarki. Wannan magana tana da ɗan ƙarfi, domin dokar ƙasar Amurka ba ta san tsarki ba. Amma ba kyauta ake ba da gurasar ba hakanan, da sharaɗi ake bayarwa, a ci nan take. Tun da aka fara ba wasu ƙasashe izinin karɓa a tafin hannu daga 1969, maimakon a ɗora a kan harshe, sharaɗin ya ƙara muhimmanci, har wata takardar Vatikan ta 2004 ta jaddada cewa a tabbatar mai karɓa ya ci a gaban mai rabawa. Wanda ya karɓa da niyyar sa wa a aljihu ya yi yaudara ne. A kan wannan hujja Akbishop Paul Coakley ya shigar da ƙara a Oklahoma a 2014, lokacin da wasu suka yi shelar za su wulaƙanta gurasar a bainar jama'a. Bai ce wa kotu ta yarda da aƙidarsa ba, cewa ya yi kayan coci ne aka ɗauka ba da izini ba, kuma aka mayar masa. Batun kamfani kuwa, ba a taɓa yin kasuwa marar mai ita ba. Daga Kurmi ta Kano har zangunan da fataken goro suka kafa a hanyar Gwanja, akwai sarkin kasuwa da ke cewa wannan ba ya shiga nan. Shi ma eBay yana da dogon jerin abubuwan da ya hana tun kafin 2005, don haka da'awar cewa ba ruwansa ba ta tsaya ba.

Sai dai wannan tarihi yana da shafi mai duhu da bai kamata a tsallake ba. Kishin gurasar nan ya sha zama hujjar zubar da jini. A 1298 aka zargi Yahudawan garin Röttingen na Jamus da wulaƙanta ta, wani mutum da ake kira Rintfleisch ya ja gayya, aka kashe dubban mutane gari bayan gari. A 1370 aka ƙona Yahudawa a Brussels kan zargi irin wannan, sai bayan shekara kusan ɗari shida hukumomin cocin can suka yarda a fili cewa ƙage ne. Babu wanda ya tsaya bincike, jita-jita ce ta tashi, taro ya bi. Mu da muke zaune inda kalmar ɓatanci kan iya tayar da unguwa cikin sa'a guda ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Abin lura shi ne dokar cocin ta yau mai tsanani ce ƙwarai, wanda ya jefar da gurasar ko ya ɗauke ta da mugun nufi ya fita daga tarayyar ikkilisiya nan take, kuma Roma kaɗai ke iya ɗage hukuncin, amma hukunci ne a kan ɗan ɗarika, ba ya taɓa jikin kowa, ba ya ba kowa izinin ɗaukar sanda. Ko gurasar da aka tsinta a ƙasa ko aka karɓo daga hannun baƙo, abin da ake yi mata shiru ne: a sa ta a ruwa har ta narke, a zuba ruwan a wuri na musamman da ke gangarawa cikin ƙasa.

Yau wayar da ke hannun matashi a Dapaong ko Kambolé tana kai shi kasuwannin Facebook da WhatsApp da ba su da sarki a kusa, kuma masu neman laƙanin kuɗi ba su ragu ba. Shugabannin majami'u su sa ido a layin karɓa, su riƙe makullin ma'ajiya, su kai ƙara ga masu shafi da hukuma idan abu ya ɓullo, maƙwabtansu Musulmi kuma su mara musu baya kamar yadda za su so a yi musu ran da aka taɓa nasu. Amma kada kowa ya taya ko dala ɗaya.