Malam da Tica: Tarihin Hanyar 'Yan Zango Zuwa Kwalejin Malamai

A Nima da Maamobi muna da kalmomi biyu na kiran mai koyarwa. Wanda yake zaune a kan buzu, yara sun kewaye shi da alluna, malam ne. Wanda yake tsaye gaban baƙin allo riƙe da alli, gwamnati na biyansa a ƙarshen wata, tica ne. Haka ma wurin karatun: idan ɗan Zango ya ce ya tafi makaranta, ta Alƙur'ani yake nufi, ta boko kuwa sukul ce. Na daɗe ina lura da cewa malamanmu namu ne, mun san gidajensu da iyayensu, amma ticocinmu galibi daga wata unguwa suke zuwa da safe, su koma da rana. Wannan rabuwa tana da tarihi. Duk saurayi ko budurwar da ke zaune yau gaban kwamfuta tana zaɓen kwalejin horon malamai, a cikin wannan tarihin take sa hannu, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Zango bai taɓa rasa masu ilimi ba. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga ba jakuna kaɗai suka kora ba, har da littattafai suka ɗauko. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 kuma ya koma Kete-Krachi, inda ya yi ta karantarwa har ya rasu a 1934. Almajiransa sun bazu a zangogin ƙasar nan. A Accra, wadda mu muke kira Ankara, Malam Naino ya kafa zango a tsakiyar gari, ɗansa Malam Bako ya fita ya kafa Sabon Zango. Nima kuwa ta fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, ya samu fili daga wani gidan Gawa na Osu. Duk inda aka kafa zango, kafin a gama rufin ɗakuna an riga an tada masallaci, an fara karatun yara a zaure.

A wancan tsari ma akwai zaɓe da neman shiga, sai dai mutum ake zaɓa, ba gini ba. Wanda ya sauke Alƙur'ani yana son ya zama malami, zai tambaya wa ya fi ƙwarewa a fiƙihu, wa ya fi a nahawu. Uba ya ɗauki goro ya raka shi, a gaisa, a yi addu'a, shi ke nan an karɓe shi. Ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, littafi bayan littafi, ba a ƙidaya shekaru. Ran da malam ya ga ya isa, sai ya ba shi izinin karantarwa. Ba a tambayarsa takardar haihuwa, ba a tambayarsa garinsu.

Ɗaya hanyar kuwa daga coci ta fito. A 1848 'yan mishan na Basel suka buɗe kwalejin horon malamai ta farko a Akropong, a kan duwatsun Akuapem. Wanda ya fito daga can tica ne ranar Litinin, mai wa'azi ne ranar Lahadi, domin don haka aka horar da shi. 'Yan Methodist suka kafa tasu, wadda ta zauna a Kumasi a 1924 da sunan Wesley. Gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tata a Ankara a 1909, daga baya aka haɗe ta da Achimota, wadda aka buɗe a 1927 zamanin Gwamna Guggisberg. To amma kafin yaro ya kai ƙofar kowace daga cikinsu, sai ya gama makarantar ƙasa, makarantun ƙasa kuma mafi yawansu na mishan ne, inda ake buɗe rana da waƙar coci, wani lokaci har a sauya wa yaro suna.

Ana yawan cewa kakanninmu sun ƙi boko saboda jahilci. Ni ban yarda ba. Mutanen da ke rubuta wasiƙa da ajami, suna lissafin goro da shanu daga nan har Legas, ba za a ce sun ƙi ilimi ba. Sun duba farashin ne, suka ga ana neman addinin ɗansu a madadin takarda, suka ce a kai kasuwa. Mu kwatanta da Arewacin Nijeriya. A can Turawa sun buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 musamman don horar da 'ya'yan Musulmi aikin malanta, ba tare da an taɓa sallarsu ba. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito, dukansu kuma sun fara da koyarwa. A nan ba wanda ya gina wa Zango irinta, domin a idon hukuma mu baƙi ne masu wucewa.

An buɗe kwalejin gwamnati a Tamale a 1944, wadda yanzu ake kira Bagabaga, amma don 'yan yankin Arewa aka yi ta. Babban sauyi ya zo da Kwame Nkrumah. Shirin gaggauta ilimi na 1951 da dokar ilimi ta 1961, wadda ta wajabta karatun firamare kyauta, suka cika azuzuwa da yara har ticoci suka yi ƙaranci. Aka riƙa ɗaukar waɗanda suka gama midil su koyar ba horo, aka yawaita kwas na shekara biyu mai ba da satifiket na B, ban da na shekara huɗu mai ba da na A. A 1962 aka kafa kwalejin jami'a a Cape Coast don samar da malaman sakandare. A shekarar nan ce kuma aka buɗe kwalejin malamai a Accra New Town, jifa ɗaya daga Nima, wadda ta koma East Legon a 1985. Ƙofa ta matso kusa da gida, amma mabuɗinta takardar gama midil ce, gidajen da ke riƙe da wannan takarda a Zango kuwa ba su da yawa.

Ana cikin haka sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969. Aka ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Gidaje suka watse, wasu suka nufi Nijeriya, wasu Nijar, wasu Upper Volta, har da waɗanda nan aka yanke cibiyarsu. Yaran da suka fara sukul karatunsu ya tsinke. Waɗanda suka rage kuma suka koyi tsoron duk wata takarda mai tambayar asali. Har gobe akwai gurbi a fom da ke cewa ka rubuta garinku. Ɗan Akuapem ba ya ko tunani a kansa. Ɗan Nima kuwa, wanda kakansa ya zo daga Sakkwato ko Gao, yakan tsaya da biro a hannu, yana tunanin ko za a yarda idan ya rubuta Nima.

Sulhu tsakanin makaranta da sukul ya fara ne a shekarun 1970, lokacin da gwamnati ta soma tura ticocin boko cikin wasu makarantun Islamiyya a Tamale. A 1987, zamanin Rawlings, aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa. Mai makaranta ya riƙe makarantarsa da karatun Larabci, gwamnati ta kawo manhaja ta biya ticoci. Iyaye suka saki jiki, yara suka ƙaru, musamman mata. Sai dai a nan ne giɓin ya fito fili: makarantun namu ne, amma masu satifiket ɗin da za a tura cikinsu ba mu tanade su ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo daga Madina da Azhar da ilimi mai zurfi suka tarar ba su da takardar koyarwa da hukuma ta sani, suka zauna a kan ɗan alawus mai zuwa yau ya ɓace gobe. 'Yan Ahmadiyya sun riga kowa gane wannan, shi ya sa suke da kwalejinsu ta Nusrat Jahan a Wa tun shekarun 1980. Sauran Musulmi kuwa sai a tsakiyar shekarun 2010 gwamnati ta karɓi kwalejin Al-Faruƙ ta Wenchi cikin nata. A 2018 kwalejojin gwamnati 46 ne, biyu kacal daga ciki Musulmi suka kafa.

Ni a zamanin difloma na nema, wato tsarin shekara uku da aka fara a 2004. Da na kawo wa mahaifina sunayen kwalejojin da nake tunani, bai tambayi wadda ta fi suna ba. Ya ce, “Akwai masallaci a ciki? Idan azumi ya zo, za su ba ku abincin sahur? Wa muka sani a garin?” Na ce, “Baba, sai na bincika.” Ya ce, “To bincika, ka dawo.” Na yi mako biyu ina bin waɗanda suka riga ni, ina tambaya. A ƙarshe na sa Bagabaga a gaba, domin a Tamale ba sai ka roƙi izinin yin salla ba, kuma akwai wani ƙanensa a zangon garin. Tambayoyin nan uku su ne dai na mai kai ɗansa wurin malam: wane ne shi, yaya addininsa, wa zai riƙe mini yaro? Ba su tsufa ba. Ce-ce-ku-cen da aka yi a 2021 a kan hana ɗaliba azumi a wata makarantar mishan ya nuna haka.

Bayan zamaninmu abubuwa sun yi ta juyawa. Dokar 2012 ta tabbatar da kwalejojin a matsayin manyan makarantu. A 2013 gwamnatin Mahama ta soke alawus ɗin ɗalibai, tana cewa hakan zai ba da damar ɗaukar mutane da yawa. Gwamnatin Akufo-Addo ta maido da shi a 2017. Wanda bai san Zango ba zai ɗauka gardamar siyasa ce kawai. A gidan da uwa ke sayar da koko da ƙosai tana riƙe da yara shida, alawus ɗin nan shi ne bambanci tsakanin tafiya kwaleji da zama a shagon ɗinki. A 2018 aka mayar da karatun digiri na shekara huɗu, kowace kwaleji aka jingina ta da wata jami'a, aka kuma fara jarrabawar lasisi, wadda sai an ci ta ake zama cikakken tica.

Yau mai nema yana bukatar kiredit, daga A1 zuwa C6, a darussa shida na WASSCE, ciki har da Turanci da lissafi. Zai sayi lambar shiga, ya cika fom ɗaya ta intanet, ya jera kwalejojin da yake so bi da bi, ya kuma zaɓi fanni: ƙananan azuzuwa, ko manyan azuzuwan firamare, ko ƙaramar sakandare. Abin da nake gani a wurin ƙannenmu shi ne kowa ya rubuta ta East Legon a farko saboda mota ɗaya ce daga gida, sauran guraben kuma a bar wa mai shagon intanet ya cika da abin da ya ga dama. Kowa a Ankara can yake hari, don haka cunkoso ya fi yawa. Gara a duba maki da gaskiya, a fara zaɓen fanni kafin suna, sannan a nemi wanda ya zauna a wurin a yi masa tambayoyin Baba. Mai sha'awar Larabci ya dubi Wenchi, domin can ne malam da tica suke iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya, da takardar da gwamnati za ta biya.

Ga 'yan mata lamarin ya fi sarƙaƙiya. Iyaye da yawa sun fi natsuwa da kwalejin mata zalla, amma irinsu da aka sani, ta Aburi da OLA ta Cape Coast da St. Louis ta Kumasi da St. Monica ta Mampong, duk coci ne ya kafa su. Sai a tsaya tsakanin biyu: ta mata inda za a yi ta tambaya a kan mayafi, ko ta haɗaka inda uba bai natsu ba. Sau da yawa ana cikin wannan jinkiri ranar rufe fom take wucewa, shekara ta tafi, maganar aure ta shigo. Maganinsa a fara shawara tun kafin sakamako ya fito, uwa da uba su je su ga wurin da idonsu, su gana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta can.

Me ya sa na damu? Saboda harshe. Manufar ƙasa ita ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Harsunan da gwamnati ta amince a koyar sun haɗa da Twi da Ga da Ewe da Dagbani da wasunsu, Hausa ba ta ciki. Yaron Maamobi mai shekara shida, wanda da Hausa yake wasa, da ita yake kuka, yana shiga aji ya tarar da Turanci da Ga, dukansu baƙi gare shi. Idan ticarsa ta iya sunkuyawa ta ce masa, “Ka gane? Sake faɗa mini,” ta cece shi daga shekara biyu na zama kurum a bayan aji. Irin wannan tica ba za ta faɗo daga sama ba. Tana cikin gidajenmu yanzu, da sakamakonta a cikin jaka.

Gaskiya ne idan an gama, gwamnati ce ke tura mutum inda ta ga dama, ba lallai Nima ba. Amma akwai zango a Kumasi da Techiman da Koforidua da kusan kowane gari, kuma wanda ya shiga aikin yana iya neman canji daga baya, yana iya zama shugaban makaranta ko mai duba makarantu. Wanda bai shiga ba kuwa sai dai ya tsaya a bakin taga yana ƙorafi. Kakanninmu sun ƙi ƙofar ne lokacin da ake karɓar addini a bakinta. Yanzu kiredit shida ake nema da fom da aka cika a kan lokaci. Limamanmu da sarakunan Zango da ke sanar da ɗaurin aure da suna bayan sallar Juma'a, ina roƙon su ƙara da sanar da ranar buɗe fom da ranar rufe shi. Allah ya sa mu ga ranar da yaron Nima zai kira mutum ɗaya malam da safe, tica da rana.