Da Me Aka San Allah? Tarihin Wata Tambaya Daga Degel Zuwa Mai Wurno

A gaɓar Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da birnin Sinnar, akwai garin da ake kira Mai Wurno. Daga can in ka yi arewa zuwa gonakin audugar Jazira, ko ka yi kudu wajen Sinja da Damazin, ba ka rasa ƙauye ko unguwar da ake gaisawa da Hausa. Addini ne ya fito da kakannin mutanen nan daga gida. Wasu sun ɗaura niyyar hajji guzuri ya yanke musu a hanya, wasu sun ƙi zama a ƙarƙashin Nasara. A irin wannan wuri, yaron da ya buɗe baki ya ce, "Allah gafarta Malam, da me aka san akwai Allah?" yakan tayar da hankalin manya, a ce wayar hannu ce ta ɓata shi. Amma tambayar ta girmi wayar, ta girmi garin kansa. Malamanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna juya ta, kuma inda gardamarsu ta fi zafi shi ne a kan mutumin da bai iya kawo hujja ba, ko wanda hujjar ba ta ratsa shi ba: yaya za a yi da shi?

Tushen zancen

Tun zamanin da, littattafan tauhidi sun san masu shakka. Malam Taftazani, wanda ya rasu wajen 1390, a sharhinsa na aƙidar Nasafi ya ambaci wata ƙungiya da ake kira La'adriyya, masu cewa ba su san komai a kan yaƙini ba, har shakkar tasu ma suna shakkarta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa a littafinsa Munƙiz, yadda ya yi kusan wata biyu bai amince da ganin idonsa ko hukuncin hankalinsa ba. Ya kuma faɗa cewa abin da ya warkar da shi haske ne daga Allah, ba jera hujjoji ba.

Amsar da ta fi yaɗuwa a ƙasashenmu ta fito ne daga Tilimsan, a hannun Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, wanda ya rasu a 1490. Ɗan littafinsa Ummul Barahina bai wuce 'yan shafuka ba, amma ya mamaye zaurukan karatu daga Maroko har Nilu. Ya fara da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Sannan ya kawo siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, kowace da dalilinta. Dalilin samuwa kuwa ga yadda yake. Duk abin da ke duniya yana sauyawa, daga motsi zuwa tsayuwa, daga tsayuwa zuwa motsi, kuma abin da ba ya rabuwa da sauyi fararre ne. Fararren abu, samuwarsa da rashinsa daidai suke, kamar tafukan sikeli biyu, ɗaya ba ya rinjayar ɗaya sai an ɗora masa wani abu. To, wa ya rinjayar da samuwa? In aka ce Shi ma wani ne ya samar da Shi, sai a yi ta komawa baya ba iyaka, ko a yi ta kewayawa wuri ɗaya, kuma hankali bai yarda da ko ɗaya ba.

A wurin Sanusi ke nan, hankali yana iya sanin samuwar Allah sani na yaƙini. Sai dai wannan amsa ta haifi wata tambaya mai nauyi. In hujja a fili take, kuma nazari wajibi ne a kan kowane baligi, mene ne matsayin wanda ya yi imani don ya tarar da iyayensa a kai? Malamai suka rabu. Wasu suka ce imaninsa ya inganta, wasu suka ce ya inganta amma yana da laifin barin nazari, wasu suka ce bai inganta ba sam.

Sinnar da Bagarmi

Kafin Bahaushe ya kafa ƙauye a Jazira, ilimin nan ya riga ya yi saiwa a can. A zamanin daular Funj, wadda aka kafa a 1504 da Sinnar a matsayin babban birninta, an yi wani malami da ya shahara da koyar da tauhidi har aka yi masa laƙabi da Arbabul Aƙa'id. Ya rasu wajen 1691. Littafin Ɗabaƙat na Wad Daifullahi ya ce almajiransa sun haura dubu, daga ƙasar Funj har zuwa Barno. Hanyar alhazai ta daɗe tana ɗaukar littafi da gardama, kamar yadda take ɗaukar mutane.

A daidai wannan lokaci, a Bagarmi, kudu maso gabas da tafkin Cadi, wani malami Bafulatani mai suna Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu ya rubuta Manhajul Farid wajen 1688. Larabcin wani sharhin Ummul Barahina ne da Fulani suke haddacewa da harshensu, suna kiransa Kabbe. Al-Wali ya ɗauki ra'ayi mai tsauri: wanda bai san dalilan aƙidarsa ba, bai zama mumini ba. Niyyarsa ita ce a raba musulunci na gaskiya da na baka, a lokacin da mutane ke shiga addini suna riƙe da tsafin gida. Amma maganar da malami ya rubuta a zaure, in ta faɗa hannun ɗalibi mai zafin kai, takan zama bulala.

Inda Shehu ya tsaya

Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen 1774, yana fita daga Degel zuwa Kabi da Zamfara, ya tarar da wasu ɗalibai suna tare talakawa suna yi musu jarrabawa. A tambayi manomi ma'anar kalmar shahada da dalilin kowace siffa. In ya daburce, a ce kafiri ne, yankansa mushe ne, aurensa ɓatacce. Irin wannan fitina ta taɓa tashi a Sijilmasa ta ƙasar Maroko, kuma Malam Hasan al-Yusi, wanda ya rasu a 1691, ya yi raddi a kanta. Shehu ya jingina da maganganunsa.

Shehu bai raina ilimin tauhidi ba. Da shi yake fara karantarwa, da Fulatanci da Hausa, maza da mata, kuma ya rubuta Usulud Dini don sauƙaƙa shi ga masu farawa. Abin da ya ƙi shi ne a mai da hujja ƙofar da ake rufe wa mutane. Matsayinsa shi ne, zurfafa cikin dalilai aikin malamai ne, in wasu sun yi ya faɗi a kan saura. Hukuncin duniya a kan zahiri yake, wanda ya furta shahada yana salla musulmi ne, abin da ke cikin ƙirji kuwa na Allah ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun karɓi musuluncin mutanen ƙauye ba tare da sun titsiye su da tambayoyin masu ilimin kalami ba. A Nasa'ihul Umma, Shehu ya lissafa masu kafirta talakawa ta wannan hanya cikin ƙungiyoyin da suka ɓata, ya sake bin zancen a Hisnul Afham. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri cewa abin da Shehu ya wallafa a kan wannan rigima ya haura littafi hamsin. Mutumin da ke fama da sarakunan Gobir bai ga ɓata lokaci ba ne ya kare imanin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Hijira zuwa Nilu

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, jinin Shehu ta wajen ɗansa Abubakar Atiku, ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutane har Sudan, wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, garin da suka kafa ya ci sunansa. Akwai malamai a cikin ayarin, kuma har yau ana samun rubuce-rubucen Shehu da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Bello a gidajen malaman garin.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai Hausawa da Fulani da Barebari suka ƙara kwararowa. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takarir. Da yawansu suka zauna a sansanonin leburori da ake kira kambo, a bakin magudanan ruwa. Makarantar allo, wadda a can ake kira halwa, ita ce ta riƙe tarbiyyar yara. A wannan zamani tambayar ta zauna a inda Shehu ya bar ta: darasi ce a gaban malami, ana koyon siffofi da dalilansu, ba wanda ke bin maƙwabcinsa da jarrabawa.

Sabuwar shakka

A Turai kuwa zancen ya bi wata hanya. A 1781 Bajamushe Kant ya yi nazarin tsofaffin hujjojin samuwar Allah, ya ce hankali tsagwaronsa ba ya kai wa ga yaƙini a nan, ba ya iya tabbatarwa, ba ya kuma iya korewa. Shi kansa ya riƙe imani ta fuskar ɗabi'a da hisabi. A 1869 Baturen Ingila Tomas Haksli, babban mai kare ra'ayin Darwin, ya raɗa wa kansa suna agnostik. Bai yarda a lissafa shi cikin masu cewa babu Allah ba, don a ganinsa su ma sun faɗi abin da ba su da hujjarsa. Bambancinsa da La'adriyyar da shi ne, bai yi shakkar ido da awo ba, ya dai ce abin da ya wuce su ba a iya saninsa.

Wannan ra'ayi ya shigo Sudan ta makarantun zamani, tun daga Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902, da kuma littattafan Masar. A 1946 aka kafa ƙungiyar da ta zama Jam'iyyar Kwaminis ta Sudan, kuma ta yi ƙarfi a cikin manoman Jazira, har shugaban ƙungiyarsu, Shaihu al-Amin Muhammad al-Amin, ya zama minista bayan juyin Oktoba na 1964. Yawancin manoman da suka bi ta masallata ne, kuɗin audugarsu suke nema. Amma a Nuwamban 1965 wani ɗalibi ya yi mummunar magana a kan iyalan Annabi a wani taro a makarantar horon malamai ta Umdurman. Jam'iyyar ta ce ba ɗanta ba ne, duk da haka majalisa ta rushe ta da tuhumar mulhidanci, ta kori wakilanta. A ɓangaren masu amsa da alƙalami, likitan Masar Mustafa Mahmud ya fitar da littafi a 1970 yana ba da labarin tafiyarsa daga shakka zuwa imani, matasa masu karatun Larabci suka yi ta karantawa.

Da zancen ya koma kotu

Mahmud Muhammad Taha ɗan Rufa'a ne, a gaɓar gabas ta Shuɗin Nilu. Bai taɓa musun samuwar Allah ba, fahimtarsa ta shari'a ce ta saɓa wa ta jumhurun malamai. Ran 18 ga Janairun 1985 gwamnatin Numairi ta rataye shi a kurkukun Kobar da laifin ridda. Kafin wata uku gwamnatin ta faɗi, kuma a 1986 kotun ƙoli ta soke hukuncin, bayan mai shi ya riga ya tafi. Dokar laifuka ta 1991 ta sa hukuncin kisa kan ridda a sashe na 126. Wannan sashe ya taɓa Hausawa kai tsaye: a ƙarshen 2015 an gurfanar da mutum 25 daga unguwar Mayo a kudancin Khartum, mafi yawansu Hausawa, da tuhumar ridda saboda an ce Alƙur'ani kaɗai suke riƙo da shi, ba sa karɓar hadisi. Mutum na iya ganin kuskurensu ƙarara, amma kuskuren fahimta malami ke gyara shi, igiya ba ta koya wa kowa komai. A Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke hukuncin ridda, ta mai da kafirta mutane laifi.

Yau ƙauyukan nan suna cikin jarrabawa mai tsanani. A 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da yawa a ciki. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ratsa Wad Madani da Sinja, ya watsa gidaje. Matashin da ya binne 'yan uwansa, kuma yake da waya mai kawo masa gardamar duk duniya, zuciyarsa za ta yi tambaya ko bakinsa bai furta ba. Ya tabbata a hadisi cewa sahabbai ma sun kai wa Annabi kukan waswasin da suke jin nauyin faɗa, bai kore su ba, ya kwantar musu da hankali.

Gadon da Hausawan Sudan suka ɗauko daga Sakkwato ya ɗora wa malamansu aiki biyu. Na farko, su san hujja sani na ƙwarai, ta Sanusi da raddin da Kant da Haksli suka yi wa irinta, don su iya zama da mai tambaya har ya gamsu, ko ya tashi da abin da zai ci gaba da tunani a kai. Na biyu, su kame daga hukunta zukata, domin wanda aka tsorata yakan yi shiru ne kawai, shakkarsa na nan. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya sami wanda zai amsa masa ba tare da ya zare masa ido ba.