Tarihin Sunayen Manyan Lambobi da Abin da Ya Shafi Koyar da Ƙidaya a Hausa

A shekarar 1924 bankin ƙasar Jamus ya buga takardar kuɗi wadda aka rubuta mata "biliyan ɗari". A shekarar 2009 kuma bankin ƙasar Zimbabuwe ya fitar da tasa, aka rubuta mata "tiriliyan ɗari". Duk wanda ya ji sunayen nan biyu zai ɗauka ta Zimbabuwe ta ninka ta Jamus sau dubu. Amma idan aka rubuta su da alƙaluma, adadinsu ɗaya ne: ɗaya da sifiri goma sha huɗu a bayansa. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka yi suna ɗaya ya zo yana nufin adadi biyu, domin matsalar ba ta tsaya a Turai ba. Ta shigo har cikin Hausar da muke koyarwa.

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da hanyar ƙidayar abu mai yawa, musamman saboda cinikin wuri. Akwai hauya, wato ashirin, da zangu, wato ɗari, sannan ƙeso, wanda ke nufin wuri dubu ashirin da aka ɗure a buhun tabarma. Daga Larabci aka aro ashirin zuwa tis'in, da metan, da arbaminya, da hamsaminya, da alif, da alfyan. Idan lissafi ya yi nisa sai a ce zambar goma ko zambar ɗari, har a kai zambar dubu, wato dubu sau dubu. A nan ƙidayar yau da kullum ta tsaya, domin ba kasafai buƙatar kasuwa ko ta fada ke wuce haka ba.

Turawa ma a nan suka daɗe a tsaye. Kalmar miliyan ta fito ne daga Italiyanci, kuma asalin ma'anarta "babbar dubu". Sai a shekarar 1484 wani masanin lissafi Bafaranshe mai zama a birnin Liyon, Nicolas Chuquet, ya tsara sunayen da ke gaba da miliyan. Ya raba alƙaluma shida-shida, ya ba kowane rukuni suna. A tsarinsa biliyan shi ne miliyan sau miliyan, mai sifiri goma sha biyu, tiriliyan kuwa mai sifiri goma sha takwas. Akwai hikima a ciki: "bi" biyu ne a Latin, "tiri" kuma uku, don haka biliyan miliyan ne da aka ninka da kansa a hawa biyu, tiriliyan a hawa uku. Littafin nasa bai ga injin ɗab'i ba sai a 1880, amma wani Estienne de La Roche ya kwashi abubuwa da yawa daga cikinsa ya buga a nasa littafin a 1520, ta haka sunayen suka yaɗu. Da yake an bar miliyan dubu babu suna, sai kalmar miliyar ta zo ta cike wannan gurbi.

Daga ƙarni na 17 ne al'amari ya fara rikicewa. Wasu masana lissafi a Faransa suka koma raba alƙaluma uku-uku, suka kuma ja sunayen suka biyo sabon rabon, sai biliyan ya sauko ya zama miliyan dubu, mai sifiri tara. Wannan shi ake kira gajeren ma'auni, na Chuquet kuma dogon ma'auni. Amurka ta ɗauki gajeren daga Faransa, Ingila da Jamus suka riƙe dogon. Abin mamaki shi ne yadda daga baya aka yi musaya. A 1961 gwamnatin Faransa ta yi doka ta koma dogon ma'auni, ta bar abin da ita ce ta koya wa Amurka. A watan Disamba na 1974 kuma firayim ministan Birtaniya, Harold Wilson, ya shaida wa majalisa cewa ministocinsa za su riƙa amfani da biliyan da ma'anar miliyan dubu. Ke nan tsofaffin littattafan lissafi na Ingila da suka rage a ɗakunan karatun makarantunmu suna iya ba biliyan ma'anar da ta saɓa wa ta jaridar yau, kuma ya kamata malami ya duba shekarar bugu kafin ya kwafa a allo.

Ba duk duniya ce ke ƙidaya da dubu-dubu ba. A Indiya da Pakistan da Bangladesh, bayan dubu sai lak, wato dubu ɗari, sai kuror, wato miliyan goma. Waƙafinsu ma bin wannan tsari yake yi: alƙaluma uku na farko daga dama, sannan bibbiyu, don haka miliyan goma a wurinsu 1,00,00,000 ne. Sinawa da Japanawa da Koriyawa kuwa da dubu goma suke hawa. Basine yana da wan, dubu goma, da yi, miliyan ɗari. A bakinsa miliyan ɗaya wan ɗari ne. Tsofaffin Girkawa ma dubu goma ce babbar kalmarsu, kuma a kanta Arkimidis ya gina lissafinsa lokacin da ya so nuna cewa ko yashin da zai cika sararin samaniya yana ƙidayuwa.

Sai kuma batun ɗigo da waƙafi, wanda a ganina ya fi na sunaye haɗari, domin shi ba a jin sa a baki. Ɗan Nijeriya ya rubuta 1,500 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar. Bafaranshe ko Bajamushe ya ga wannan rubutu sai ya karanta ɗaya da rabi, saboda a wurinsu waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta. Bajamushe da ɗigo yake raba dubbai, Bafaranshe da ɗan fili, mutanen Suwizalan kuwa sau da yawa da waƙafin sama. Babban taron ƙasashe kan awo da ma'auni ya sake duba batun a 2003, ya amince da ɗigo ko waƙafi a matsayin alamar ɓari, ya kuma jaddada cewa a raba rukunonin uku-uku da fili kawai. Shawarar ta fi samun karɓuwa a rubutun kimiyya. Bankuna da jaridu suna nan kan al'adarsu.

Inda wannan tarihi ya taɓa mu kai tsaye shi ne Hausa tana zaune a kan iyakar tsarin biyu. Bahaushen Katsina ya gaji biliyan daga Ingilishi, ɗan'uwansa na Maraɗi ya gaji miliyar daga Faransanci, kuma adadi ɗaya suke nufi. Larabcin labarai ma milyar ya fi amfani da shi. Matsalar takan taso ne a mataki na gaba: abin da muke kira tiriliyan, Faransanci biliyan yake ce masa, ko kuma a ce miliyar dubu. Mai fassarar da ya ga kalmar a takardar Faransanci ya kwafo ta yadda take ya rage adadin sau dubu bai sani ba. Kuma ba a ce waɗannan lambobi sun yi wa ɗalibi nisa ba, tun da kasafin kuɗin tarayyar Nijeriya na 2024 ya haura naira tiriliyan 28, ana kuma karanta shi a labaran Hausa. Ko a ƙananan kuɗi ma akwai irin wannan tarko: jaka a Nijeriya ta samo asali daga fam ɗari, ta zama naira ɗari biyu bayan canjin kuɗi na 1973, alhali jika a Nijar sefa dubu ce.

Akwai kuma wata ƙura da ta taso daga ginin Hausar kanta. Idan aka ce dubu ɗari da hamsin, yawanci 150,000 ake nufi, to yaya za a faɗi 100,050? Masu magana sukan warware da cewa "da guda hamsin" ko "da ɗoriyar hamsin", amma ba kowane littafin firamare ne ya kula da bambancin ba. Na taɓa karanta wa wasu malamai wannan adadi a wani taron bita na ce su rubuta da alƙaluma, sai ɗakin ya rabu biyu, kowane ɓangare kuma yana da hujjarsa.

Bisa ga haka, shawarata ga masu tsara manhaja ita ce a riƙa gabatar da kowane babban suna tare da yawan sifirinsa: miliyan shida, biliyan tara, tiriliyan goma sha biyu. A sanya miliyar a jadawali kusa da biliyan, a bayyana inda ake amfani da kowanne. A darasin fassara na manyan azuzuwan sakandare, a ba ɗalibai adadi daga Ingilishi da Faransanci da Larabci, a sa su fara rubuta shi da alƙaluma kafin su nemo masa suna. Batun "da guda" da "da ɗoriya" kuwa yana buƙatar zaman kwamitin daidaita ƙa'idojin Hausa, a zaɓi ɗaya kafin a sake buga littattafan aji huɗu zuwa shida.