Daga Masaƙa Zuwa Hilux: Yadda Toyota Ta Kafu

Masaƙa ce uwar kamfanin Toyota. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867 a wani ƙauye na yankin Shizuoka a ƙasar Japan, ɗan kafinta ne da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa da sauran matan ƙauyen suna fama da saƙar hannu. Ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda zai sauƙaƙa wannan aiki. Ya fara da masaƙar katako a 1890, ya bi ta da mai aiki da inji, har a 1924 ya kammala wadda ta fitar da sunansa duniya, wato samfurin G. Tana sauya ƙoshiya ba tare da ta tsaya ba, amma da zarar zare ɗaya ya tsinke sai ta tsaya cak da kanta. Kafin wannan, inji kan ci gaba da saƙa lalataccen yadi har sai wani ya lura. Yanzu kuwa mutum guda na iya kula da masaƙu da dama, kuma aibi ba ya wuce inda ya faru.

A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da ta koya wa duniya saƙar inji, ya sayi izinin ƙera wannan masaƙa a kan fam 100,000. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne da wannan kuɗi tsohon ya ce wa ɗansa Kiichiro ya gwada ƙera mota. Sakichi ya rasu a 1930, bai ga ko taya ɗaya ba.

Kiichiro, injiniyan da ya yi karatu a Jami'ar Tokyo, ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin masaƙar a 1933. A lokacin Ford da General Motors ne ke riƙe da kasuwar Japan, ɗaya na harhaɗa motoci a Yokohama, ɗayan a Osaka. Mutanen Kiichiro ba su ji kunyar kwaikwayo ba. Sun sayo Chevrolet suka warware ta ƙusa-ƙusa, suka auna komai, suka zana injinsu a kan nata. Wajen zubin ƙarfen injin suka sha baƙar wuya, domin zubin da ake yi wa masaƙa bai kai na inji wahala ba, sai da suka lalatar da masu yawan gaske kafin su samu na kirki. A 1935 suka fitar da babbar motar ɗaukar kaya, G1, a 1936 kuma motar shiga, AA. Ranar 28 ga Agusta 1937 aka yi wa Toyota rajista a matsayin kamfani mai zaman kansa, surukin Sakichi, Risaburo Toyoda, ya zama shugaba na farko. Gwamnati ma ta tallafa, don a 1936 ta yi dokar da ta ɗaure wa kamfanonin waje hannu, saboda sojoji na son manyan motocin da aka ƙera a gida.

Waɗanda suka sayi G1 su ne suka fara sanin halin Toyota, kuma ba su ji da daɗi ba. Motar na yawan mutuwa a hanya, ƙarfen tayoyin baya na karyewa. Abin da ya hana kamfanin mutuwa tare da ita shi ne yadda aka tarbi koke-koken. Injiniyoyi na bin motar har inda ta lalace, wani lokaci da Kiichiro kansa, a gyara, a ba mai ita haƙuri, sannan a koma masana'anta a sauya abin da ya jawo matsalar. Shotaro Kamiya, wanda ya baro General Motors ya kama ragamar sayarwa, ya kafa ƙa'idar da dillalai suka daɗe suna maimaitawa: mai saye ne gaba, dillali na biye, mai ƙerawa a ƙarshe.

Shekarun yaƙin duniya na biyu sun wuce cikin ƙera wa soja manyan motoci. Bala'in da ya kusa kifar da kamfanin bayan yaƙin ya zo. A 1949 aka tsuke bakin aljihun ƙasa don kashe hauhawar farashi, masu bashi suka kasa biya, Toyota ta wayi gari babu kuɗin albashi. Bankuna sun yarda su ceto ta bisa sharaɗi biyu: a ware sashen sayarwa ya zama kamfani daban, kuma a rage ma'aikata. Aka nemi mutum 1,600 su ajiye aiki, ma'aikata suka shiga yajin aiki da ya ɗauki kusan wata biyu. Daga ƙarshe fiye da mutum 2,000 suka tafi, Kiichiro kuma ya ɗauki laifin a kansa ya sauka daga shugabanci a watan Yunin 1950. Cikin watan nan yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka yi odar dubban manyan motoci. Faɗuwar wani tashin wani. Kiichiro ya rasu a 1952, ana shirin mayar da shi kujerarsa.

A ganina wannan talauci ne ya yi Toyota, fiye da duk wata hikima da ake jingina wa Japanawa. Eiji Toyoda, ɗan ƙanin Sakichi, ya je masana'antar Ford a 1950 ya tarar ana fitar da dubban motoci a rana, alhali tasu ba ta kai ɗari. Kamfanin da bai da kuɗin tara kaya a sito, kuma bai da kuɗin zubar da abin da ya lalace, dole ya nemi wata hanya. Taiichi Ohno, wanda shi ma daga ɓangaren zare da saƙa ya fito, shi ya shimfiɗa ta. Kada a ƙera komai sai mai buƙatarsa a mataki na gaba ya nema, da ɗan kati da ke bin kowane akwatin kaya. Kuma kowane lebura na da ikon jan igiya ya tsayar da layin aiki gaba ɗaya idan ya ga kuskure, kamar dai yadda masaƙar Sakichi ke yi. A Amurka ta wancan zamani, tsayar da layi aikin manyan shugabanni ne, motar da ta fito da aibi sai a tura ta gefe a gyara daga baya. Ohno mutum ne mai tsanani, ma'aikata da yawa ba su so shi ba, kuma tsarin ya ɗauki shekaru kafin ya zauna.

Duk da haka, fitarsu ta farko zuwa Amurka abin kunya ce. Crown, wadda aka yi alfahari da ita a gida tun 1955, ta kasa jure gudun manyan titunan can: inji ya yi zafi, mota ta kama karkarwa. A 1958 guda 287 kawai aka sayar, da Land Cruiser ɗaya tal. Aka janye ta, Land Cruiser ta riƙe shagon har zuwa 1965 da Corona ta zo da injin da ya dace. A 1966 Corolla ta fito ƙarƙashin jagorancin Tatsuo Hasegawa, tsohon injiniyan jiragen sama, Hiace ta biyo a 1967, Hilux a 1968. Da farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, Amurkawa suka juyo neman ƙaramar mota mai tsimin mai, suka tarar da ita tana jira. Daga nan abin ya zama hawa kan hawa: Camry a 1982, masana'antar Kentucky a 1988, Lexus a 1989, Prius mai haɗa fetur da lantarki a 1997. A 2008 Toyota ta sha gaban General Motors a yawan ciniki a duniya, a 2021 kuma Corolla ta haura miliyan 50.

A ƙasashenmu ba talla ce ta sayar da Toyota ba. A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka tunkari tankokin Libiya da motocin a-kori-kura, akasarinsu Toyota, waɗanda aka ɗaura wa makaman fasa tanka. Sun ci Fada a watan Janairu, suka ci Wadi Doum a Maris, har yaƙin ya samu laƙabin Yaƙin Toyota. Tun daga nan babu mai gardama a kan abin da Hilux da Land Cruiser ke iya yi a cikin rairayi. Su ne motocin hanyar Agadas zuwa Libiya, su ne na jami'an tsaro da na ma'aikatan agaji, kuma abin takaici, su ne na 'yan bindigar da ake farauta. Mota ba ta zaɓen mai ita.

A arewacin Najeriya kuwa Peugeot ce sarauniya a da, tun da aka buɗe masana'antarta a Kaduna a 1975, 504 ta zama motar gwamnati da ta tasha. Da naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas. A wannan fage aka gane bambanci, domin motar da ta yi shekara goma a Turai ko Amurka kafin ta iso, ba kowace ba ce ke iya ƙara wasu goma a kan ramuka da gurɓataccen mai. Tambayi duk mai tsohuwar Corolla dalilin da ya sa ya ƙi rabuwa da ita, amsar ba ta wuce uku: ba ta shan mai, duk garin da ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta, kuma ranar da ya matsu zai sayar da ita kafin la'asar. Na biyun nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Yawan motar ne ya jawo yawan kayan gyaranta, sabo da na hannu, yawan kayan gyaran kuma ya sa ake ƙara sayenta. Akwai motocin wasu kamfanoni da ba su gaza ta ƙarko ba, amma mai su kan yi mako yana jiran a aiko masa da ƙaramin abu daga Legas. Direbobin haya sun daɗe da yin wannan lissafi, shi ya sa Hiace da Sienna suka cika tashoshi.

Ba a rasa ƙorafi ba. Masu Camry ta wajen 2007 zuwa 2009, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, sun san yadda wasu injinanta ke shanye baƙin mai, da yadda dashbod ɗin motar ke narkewa ya yi danƙo idan rana ta dake shi. Sunan kamfanin ma ya zama abin cuta a hannun masu jabun kayan gyara da masu mayar da mitar tafiya baya. Sannan farin jinin ya sa ɓarayi sun fi sonta, dillalai kuma na tsuga mata kuɗi.

Shi kansa kamfanin ya yi tuntuɓe a lokacin da ya kai ƙololuwa. Tsakanin 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, bayan haɗurran da suka ci rayuka a Amurka. Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010 ya amsa cewa saurin faɗaɗa ya sa sun yi sake. A 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye abin da ya sani. Kamfanin da ya ba lebura ikon tsayar da layi, manyansa sun kasa tsayar da nasu. An sake jin irin wannan wari a 2022 da 2023, da aka gano rassansa Hino da Daihatsu sun yi maguɗi a gwaje-gwajen da hukuma ke buƙata.

Yanzu gardamar da ake yi a kansa ta lantarki ce. Toyota ta yi jinkirin rungumar mota mai batir zalla, ta nace a kan mai haɗa biyu, yayin da kamfanonin China ke ta kwararo da nasu cikin araha. Masu suka na cewa ta makara, ita kuwa tana cewa duniya ba duka take da wutar caji ba, maganar da mazaunin Kano ko Damagaram ba zai musa ba. Sai dai motocin da take ƙerawa yau, cike da na'urori da kwamfuta, su ne za su iso garejinmu nan da shekara goma, kuma bakaniken da ya saba gane ciwon inji da kunne zai buƙaci na'urar bincike da ilmin waya kafin ya taɓa su. A gefe guda kuma, Land Cruiser samfurin 70 da aka fara a 1984 har yau ana ƙera ta kusan yadda take, saboda masu haƙar ma'adinai a Ostireliya da masu ratsa Sahara sun ƙi karɓar wata a madadinta.